Bokitin da Ruwa Ya Ci

Ana gab da magariba wata mota ta shigo layin Delmer Pruitt. Yana zaune a baranda, ya miƙe da sauri har kujerar ta kife. Mota ba ta shiga wannan layi sai in direba ya ɓata hanya. Tun da matarsa Nadine ta rasu, kamfanin katako kuma ya sallame shi, Delmer yakan wuni bai ji muryar mutum a gidan ba sai ta cikin talabijin.

Mutum biyu suka fito. Na farko Coy ne, ɗan ƙanwarsa marigayiya, dogo siriri, bai daɗe da fitowa daga gidan yari ba. Na biyu Lonnie Skaggs, wanda Coy ya kwaso a can ciki kamar yadda ake kwaso kwarkwata.

"Kawu, kana nan da ranka?"

"Ina zan je? Ku hauro. Akwai wake a wuta, ga burodin masara."

"Ba ci ya kawo mu ba, tsoho," in ji Lonnie. Amma shi ya fara jawo kwano.

Sai da ya share kwano biyu sannan ya goge baki da bayan hannu.

"An ce kana da gyaɗa."

"Wace gyaɗa?"

"Kar ka raina mini hankali mana. Harsashi. Ashirin-da-biyu. Coy ya ce bokiti-bokiti ka tara."

Gaskiya ya faɗa. Shekarar nan ce da ƙaramin harsashi ya yi ɓatan dabo a kantuna, ka ga manya da gemunsu suna layi tun asuba a kan kwali ɗaya. Mu nan duk gidan da ka shiga akwai bindigar ashirin-da-biyu a bayan ƙofa, ta harbin kurege da gwangwani, amma a shekarar nan bindigogi sun fi harsasai yawa. Delmer kuwa tun kafin a shiga wannan hali yake tarawa. Duk ranar da fanshonsa ya shigo sai ya tafi cikin gari ya sayo bokiti guda na mai arhar nan, wanda ake zubawa a warwatse ba jeri. Ba wani harbi yake yi ba. Mai kantin ne yake da surutu, shi kuma yana son a yi masa.

"Me za ku harba?"

"Silin," Lonnie ya yi dariya. "Ɗaya a sama, kowa ya kwanta, mu kwashe, mu fece. Muna da ƙarfe biyu, babu abin zuba musu. Ni da yaron nan ba mai sayar mana, ka san sunanmu ya ɓaci wajen hukuma."

"Silin ɗin wa?"

Coy ya sunkuyar da kai. Lonnie ne ya amsa.

"Shagon mahaɗa. Na tsohuwar nan, Verna. Ranar Juma'a 'yan katako ke kai mata takardar albashi tana canza musu, kafin su tashi aiki akwatinta cike yake taf. Kai za ka ja mota, tunda ka san hanyoyin cikin daji. Kuma in ka ja mota, bakinka ya rufu ke nan."

Delmer ya ajiye cokali. Shagon Verna ne inda yake zuwa kowace safiya, ya sayi kofi ɗaya ya zauna a kansa har ya huce. Ita kaɗai ce a gundumar nan take cewa, "Delmer, jiya ban gan ka ba, lafiya dai?"

Ya ja Coy kicin, ya tura ƙofa.

"Kai, ka haukace ne?"

"Ba wanda za a taɓa, Kawu. Wallahi."

"In na hana fa?"

"Lonnie ya san wani a garin Monroe da zai ba mu masu kyau. In muka tafi can kuwa, daga aiki wucewa za mu yi. Ba za ka sake ganina ba." Ya sosa ƙeya. "In ka taimaka, na raba gari da shi, na dawo nan mu zauna. Rufin nan ma yana son gyara."

Ƙarya ce ko gaskiya, Allah masani. Amma ya san inda zai taɓa tsohon. Mutum biyu ne suka rage wa Delmer a duniya masu kiran sunansa, ga shi ɗaya zai shiga wa ɗaya da bindiga. In ya kira 'yan sanda, Coy ya koma gidan yari, sai dai kuma a fito da shi da furfura. In ya yi shiru, ya san idon Lonnie ba na mai harbin silin ba ne. Gaba kura, baya sayaki. Tsoro ya kama shi, ba na mutuwa ba, na komawa barandar nan babu ko mutum ɗaya da zai jira.

Sai dabara ta faɗo masa.

Bokitansa masu kyau suna cikin ɗaki, a rufe gam, kowanne da ƙullin shinkafa a cikin safa don ta sha danshi. Amma akwai guda ɗaya a rumfar bayan gida. Da kogi ya yi ambaliya a bazarar bara, ruwa ya kwana a cikinsa har ya gaji ya tafi. Delmer ba ya zubar da abu, sai ya shanya harsasan a kan kwanon rufi, ya mayar da su, ya manta. Shi wannan ƙaramin harsashi wutarsa a gefen gindinsa take, an shafa ta zagaye, nan allurar bindiga ke sara. Mai arhar ko yana sabo sai ka samu shafin bai zagaye ba, balle wanda ya yi wanka a kogi.

Washegari ya buɗe bokitin. Wari ya buge shi. Jan ƙarfen ya yi kore-kore, dalmar ta yi fari kamar an barbaɗa mata gari. Ya ɗebi tafin hannu guda, ya kafa gwangwani a kan kututture, ya gwada su ɗaya bayan ɗaya.

Ƙas. Ƙas. Ƙas.

Ko ɗaya bai tashi ba. Delmer ya yi murmushin da ya daɗe bai yi ba. Ya zauna a rumfar shi kaɗai da tsumma, yana goge matattu har suka yi ƙyalli kamar sababbi. Za a ci tsohuwa da tsoro, a ɗauki abin da za a ɗauka, kowa ya koma gida da ransa. Haka ya tsara. Ya manta kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Ranar Juma'a da safe ya je shan kofinsa. Verna tana jera burodi, gilashin idonta na lilo a wuya.

"Yau kuma wa ya ɗinke maka baki?"

"Ban yi barci ba ne."

"Kai da ba ka da aikin fari bare na baƙi, me zai hana ka barci?" Ta ƙara masa kofi ba tare da ya tambaya ba.

Ya juya kofin a hannu. Maganar ta hau har maƙogwaro.

"Verna, a ce wani ya shigo miki da bindiga, ya za ki yi?"

"In miƙa masa akwatin, in tambaye shi ko zai sha wani abu. A shekaruna zan yi dambe?"

"Bindigar mijinki marigayi Earl fa, ta ƙarƙashin kanta?"

"Ta macizai ce. Me ya kawo wannan zance?"

"A talabijin na gani."

"To ka rage kallo. Ka zo coci ranar Lahadi ka ga mutane masu rai."

Ya haɗiye sauran maganar tare da kofin. Ya fita.

Da rana tsaka, zafi ya kori kowa daga titi. Delmer ya tsayar da motar Lonnie a bayan shagon, kusa da akwatin ƙanƙara, bai kashe inji ba. Su biyun suka ɗaure fuska da hankici. Lonnie na riƙe da ƙaramar bindiga mai juyi, Coy da doguwar kakansa.

"Kar ka motsa, tsoho. Ko fitsari ne riƙe shi."

Suka zagaya.

A ciki mutum ɗaya ne ban da Verna. Dub Hollis ne, wani ƙaton ɗan katako da ya yanke a yatsa aka sallame shi da wuri, yana teburin kusa da taga yana fama da cinyar kaza.

Ƙofa ta bugu.

"Kowa ya kwanta!"

Lonnie ya ɗaga bindiga sama, ya ja kunama—

Ƙas.

Ya sake.

Ƙas.

Fanka na juyawa. Babu ɗan yankin nan da bai san wannan sautin ba tun yana ɗan shekara bakwai. Dub ya dubi bindigar, ya dubi mai ita, dariya ta ƙwace masa da nama a baki.

"Ɗan'uwa, a bola ka tsinto harsasan?"

"Rufe mini baki!"

Verna ta riga ta jawo akwatin ta ɗora a saman kantar, kamar yadda ta ce za ta yi. Coy ya matso zai ɗauka. Ta sa gilashi. Ta dubi kunnuwan nan fal-fal, irin na gidan Pruitt kaf.

"Coy? Coy, kai ne?"

Hannunsa ya tsaya a iska.

Ba a kama wanda ba a sani ba. Yanzu an san su. Lonnie bai yi shawara da kowa ba, hannunsa ya yi abin da hannun kowane ɗan ƙauyenmu yake yi in harsashi ya ƙi. Mu ba ma jefar da wanda ya ƙi tashi, asara ce. Zarowa muke yi, mu ɗan murza shi yadda allura za ta sari wani gefen, mu mayar. Uba ke koya wa ɗa. Delmer da kansa ya yi haka sau ba adadi a rayuwarsa, amma ranar gwajin nan bai yi ba, don ba ya son ya ji amsar.

Lonnie ya buɗe, ya murza, ya rufe. Ya saita Verna.

"Lonnie, a'a—"

Tau!

Ta faɗi bayan kantar. Dub ya nutse ƙarƙashin tebur. Lonnie ya fizgi akwatin, ya bangaje Coy, ya yi waje. Coy ya tsaya kamar an dasa shi, hankicin ya zame zuwa wuyansa.

"Anti Verna?"

Abin da ya fara ɗagowa daga bayan kantar baki biyu ne na bindigar macizai. Coy ya gan su. Tsoro ya ɗaga masa hannu, doguwar ta hau kafaɗa, yatsa ya ja—

Ƙas.

Dum!

Ta Verna ce ta tashi. Coy ya faɗi, gwangwanaye suka zubo daga kan katako.

A mota, Delmer ya ji ƙaramar ƙarar, ya ji babbar. Lonnie ya faɗo ciki, ya ja ƙofa.

"Ja!"

"Ina Coy?"

"Coy ya gama aiki. Ja mota!"

Delmer ya kai hannu ya kashe inji.

Lonnie ya dube shi. Ya dubi bindigarsa. Ya zaro harsashi ɗaya daga aljihu ya kai hanci, ya shaƙi warin kogi a ƙarƙashin ƙyallin.

"Shege tsoho. Matattu ka ba mu."

"Su na ba ku."

Bakin bindiga ya taɓa gefen goshinsa, da ɗumi har yanzu.

Ƙas.

Delmer ya san yanzu cewa a cikin matattun nan akwai masu rai. Bai kau da kai ba. Yana kallon akwatin ƙanƙara, ruwa na ɗiga daga gindinsa.

Ƙas.

Ƙas.

Ya jira. Har zuciyarsa ya so ɗaya ya tashi.

Lonnie ya yi zagi, ya buɗe ƙofa, ya tokare shi da ƙafa ya faɗo kan tsakuwa. Mota ta tashi da ƙara. Amma Lonnie baƙo ne, hanyar daji a kan tsohon take, ya bar ta kwance a ƙasa. Sai ya miƙe kwalta, kwalta kuma gada kaɗai ta sani.

A bakin gadar nan ɗan sanda Tubbs ke fakewa kullum, a inuwa, da kwalin soyayyar tarwaɗa a cinya. Oba-oba ta yi ƙara. Dub ne ya kira ofis, ofis suka haɗa su.

"Tubbs, an harbi Verna. Ɗaya ya gudo wajenka a jar mota. Bindigarsa ƙas-ƙas take yi, amma kar ka yarda da ita."

Tubbs ya ajiye kifin, ya goge yatsu a wando, ya gitta motarsa a tsakiyar gada. Bai daɗe da laɓewa bayan ƙofa ba jar motar ta ɓullo. Birki ya yi kuka. Ta juya gefe, tayoyin baya suka faɗa taɓo. Lonnie ya fito da bindiga a gaba.

Ƙas.

"Tawa ba ta yin haka, ɗan samari," in ji Tubbs. "Ajiye."

Babban yatsan Lonnie ya tafi zai buɗe bindigar.

"In ka buɗe ta, wani ne zai rufe maka. Ni ma ɗan garin nan ne, na san abin da za ka yi."

Lonnie ya dubi kogi, ya dubi taɓo, ya dubi Tubbs. Ya saki ƙarfen. Ba a kai ga sa masa ankwa ba ya fara magana, sunan Delmer kuwa shi ya fara fitowa.

A shago, Delmer yana zaune a ƙasa tsakanin gwangwanaye, kan Coy a cinyarsa. Dub na danne wa Verna kafaɗa da tawul a bayan kanta. Ba wanda ya kalli tsohon.

"Kawu."

"Ina nan."

"Na ja fa. Wallahi na ja. Ba ta tashi ba."

"Na sani. Yi shiru."

"Gara haka," in ji Coy. Ya ɗan yi tari. "Kar ka faɗa mata na ja."

Motar asibiti daga garin da ke gaba take zuwa. Kafin ta iso, Delmer ya riga ya rufe masa ido.

To ga abin da Juma'ar nan ta ci. Coy ya mutu bai kai talatin ba, mutum huɗu ne a wajen binne shi, biyu ma'aikatan maƙabarta ne. Lonnie ya samu shekarun da zai fito da sanda, in ya fito. Verna ta rayu, harsashin da ya sha ruwa bai da ƙarfin wuce ƙashi, amma hannun hagu bai ƙara ɗaguwa sama da ƙirji ba. 'Yan sanda suka kwashe bokitan Delmer, masu kyau da ruɓaɓɓen, suka gwada. Lauyan gwamnati ma ya yarda da gangan ya ba da matattu, aka rage masa hukunci. Gari ya rabu biyu a kansa. Wasu suka ce ya ceci ran mata, wasu suka ce abokin ɓarawo ɓarawo ne. Ni dai na ce duk gaskiya suka faɗa, kuma ba ta amfane shi da komai ba.

Ranar yanke hukunci, a barandar kotu, Verna ta roƙi Tubbs ya tsayar da shi. Ta rame. Hannunta na rataye a wuya.

"An ce don ni ka yi."

"Don ku biyu."

"Da safen ranar kana zaune a gabana, Delmer. Na ƙara maka kofi."

Ya kasa ɗaga kai.

"Da ka ce mini, Verna, rufe shago yau ki tafi wajen 'yarki, da na rufe. Ba zan tambaye ka dalili ba. Da sun zo sun tarar da kwaɗo a ƙofa, sun zage ni sun tafi."

"Na ji tsoro ne kar ki gane. Ki daina yi mini magana."

"Ranar da aka binne uwar yaron nan, a cinyata ya yi barci. Ka sani?" Ta gyara ratayar hannunta. "Kullum in na rufe ido sai in ga kunnuwansa. Kai ka ɗora mini wannan. Ba Lonnie ba."

"Verna..."

"Ba zan tsine maka ba. Amma kar ka rubuto mini."

Ta juya ta sauka matakala, tana dafa ƙarfe da hannu mai lafiyar. Kafin ƙarshen shekara ta sayar da shagon ta koma wajen 'yarta. Wanda ya saya ya cire teburin, ya sa injin kofi mai karɓar kuɗi da kansa.

Delmer yana gidan yarin da ke bayan gonakin auduga. Masu gadi sun ce ba ya ba kowa wahala. Ranar Lahadi ce ranar ziyara, tun da safe yake aske gemu, ya sa rigarsa mai tsabta, ya zauna a bakin gado yana sauraron sunayen da ake kira ta lasifika. Wani sabon mai gadi ya taɓa tambayarsa wa yake jira.

"Ba kowa," ya ce. "Ina dai jin daɗin yadda suke amsawa ne."